Garwashin Iya Abu

Aikina fassara labaran duniya ne a wani gidan rediyo a nan Kano. Da wuya rana ta fito ta faɗi ba a ajiye mini labarin wata ƙasa da ta ce sojojin baƙi su tattara su bar mata ƙasarta ba, ko wani yanki da ya gaji da karɓar umarni daga babban birni, ko kuma manyan ƙasashe sun zauna sun yanke wa ƙarama abin da za ta yi. A irin waɗannan labarai akwai maganar da ba na iya kauce mata, wato cin gashin kai. Abokan aikina sukan rubuta ta su wuce abinsu. Ni kuwa duk lokacin da na zo kanta sai in ji ƙanshin dankali a cikin toka, kewar kakata ta taso mini, har sai na ɗan ɗaga hannuna daga kan kwamfuta.

Iya Abu ita ta haifi mahaifina. Sunanta aka sa mini, shi ya sa kowa a gidanmu yake ce mini Ummi, ita kaɗai ke kirana Takwara. Gidanmu na gado yana Koki, a cikin wani lungu da idan mai tallan itace ya shigo, sai wanda ke fitowa ya manne da bango ya ba shi hanya. Ɗakinta shi ne na ƙarshe a tsakar gida, tsohon ginin ƙasa mai rufin azara, kuma a bakin ƙofarsa murhunta yake, duwatsu uku da suka yi baƙi ƙirin tun kafin a haifi babana.

Ba wai ba a ba ta abinci ba ne. Mahaifiyata da matan ƙannen babana suna dafa babbar tukunya, kuma kwanon Iya ake fara zubawa. Takan karɓa ta sa albarka, wani lokaci ta ci, wani lokaci ta raba mana. Amma wutarta daban take. A kanta take dama kununta yadda take so, ta ɗumama ruwan alwalarta, ta gasa abin da ranta ya ba ta. Ba ta yarda da ashana ba, wai ƙarya gare ta, ranar da ka fi buƙatarta ranar take jiƙewa. Idan za ta kwanta sai ta tara garwashin wuri ɗaya ta lulluɓe shi da toka, da asuba ta tone ta hura. Ran da aka tashi ya mutu kuwa, aikina ne ɗiban wuta. Ta miƙo mini tsingaro, wato gutsuren fasasshiyar tukunya, ta tura ni gidan maƙwabciyarmu Gwaggo Ladi, tana bina da gargaɗi.

“Ki yi sallama ki tsaya sai an amsa. Ko kin ga wutar a gabanki kada ki taɓa. Guda ɗaya ya isa, ba gobara na aike ki ki ɗauko ba.”

Bayan sallar magariba, musamman lokacin kaka da sabon dankali da ɗanyar gyaɗa suka shigo gari, mukan taru a gaban murhun nan, ni da yayana Sani da 'ya'yan ƙannen babanmu. Iya tana da doka ɗaya. Kowa shi zai zaɓi dankalinsa a kwando, shi zai tura shi cikin rushi, shi zai lura da shi. Wanda ya shagala da surutu nasa ya ƙone, to, gawayi zai ci, ba ta musanya wa kowa. Sai wuri ya natsu, hayaƙi ya kwanta, sannan ta gyara zama ta miƙe ƙafa. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke buɗewa. Ita cewa take, “Ga wata baƙuwa can a zaure.” Mu kuma mu haɗa baki mu ce, “A ce ta shigo!”

Wata rana aka aike ni kai wa babana da abokansa ruwa a zaure. Suna zaune sun kewaye rediyo, an zo labaran duniya, kowa ya yi tsit. Ina ajiye kwanon sha na ji mai karanta labarai yana cewa mutanen wani yanki sun rantse ko za su ƙare sai sun ci gashin kansu. Ni da ko silin gashi ɗaya na gani a miya na haƙura da tuwon ranar, ga wasu can suna mutuwa don a bar su su ci na kansu gaba ɗaya. Abin da ya fi ɗaure mini kai, babana da abokansa gyaɗa kai suke yi, har wani yana cewa ai suna da gaskiya. Da gudu na koma cikin gida.

“Iya, wai da gaske akwai mutanen da suke yaƙi don a bar su su ci gashin kansu?”

“Akwai mana, Takwara. Tun kafin a haifi ubanki ake yi.”

“To me ya hana su cin tuwo? Gashi ai maƙalewa yake a wuya.”

Iya ta dube ni, ta dubi sabon kitson da ke kaina, sai ta fashe da dariya. Ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, ɗankwalinta ya zame, mahaifiyata ta leƙo daga ɗaki ko lafiya. Ni kuwa na cika na yi fam, don ban ga abin dariya ba.

“Kayya, wannan yarinya, kunnen nan naki na ado ne? Ba gashin da ake kitsawa ba. Gashi, irin wannan.” Ta sa ƙaramin kara ta tono dankalina daga toka ta gangaro mini shi. “Wa ya zaɓe shi?”

“Ni.”

“Wa ya sa shi a wuta, ya juya shi?”

“Ni.”

“In ya ƙone, wa za ki kai ƙara?”

“Ba kowa.”

“To kin ci gashin kanki ke nan. Abin da suke nema ke nan, ba wani abu ba.”

A ranar ta ba mu tatsuniyar Toron Giwa da Bushiya. Daga baya ta sha maimaita mana ita, don ni nake nacin a sake.

Wai a da can kowace dabba tana da murhunta. Zomo da nasa, Kunkuru da nasa, Barewa da nata, har Bushiya da ɗan nata a cikin raminta. Sai aka yi wata shekara ta wahalar itace, kowa ya wuni yana hura ɗanyen kara, ido ya yi ja. Toron Giwa kuwa bishiya guda yake tumɓukewa ya jefa a wuta, wutarsa ta kai girman ɗaki. Ya dubi ƙananan dabbobi suna fama, tausayi ya kama shi, ya tara su ya ce, “Wannan wahala ta mece ce? Kowa ya kashe wutarsa. Abin da kuka samo ku kawo, ni zan gasa, kowa ya ci ya ƙoshi.”

A nan mukan fara zagin Toro, don mun san inda maganar ta dosa. Iya takan ɗaga mana hannu. “Kada ku zage shi. Ba mugu ba ne. Babba ne kawai.”

Da farko abin ya yi daɗi, kowa ya yi ƙiba. Sai dai Toro ba ya gashi sai lokacin da shi yake jin yunwa, kuma yadda bakinsa yake so. Zomo mai sammako sai ya jira har rana ta take. Kunkuru da ba shi da haƙora sai a ba shi rogo da sauran ƙarfinsa. Ran nan Barewa ta ce nata ya ƙone, washegari aka raba aka manta da ita. Iya ta ce ba horo ba ne, mantuwa ce irin ta manya, amma tun daga ranar ba a sake jin wanda ya ce wani abu ya ƙone ba. Ko gawayi aka miƙo, sai ka ji ana cewa, “Ya yi daɗi, ranka ya daɗe.” Da Toro ya yi faɗa da Dorina a kan wani tafki, ya ce duk mai cin gashinsa kada ya ƙara gaishe ta. Kunkuru da surukansa ke bakin tafkin ya daina zuwa ganinsu. Duwatsun murhu suka watse a daji, aka haifi yara suka girma ba su san yadda ake hura wuta ba.

Bushiya ita ma ta je ta yi godiya. In an gayyace ta takan je ta ci, ta yi barka ta dawo. Amma garwashinta ɗaya, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake, ba ta bari ya mutu ba. Kullum tana tone shi tana hurawa, wai shi ya sa har yau bakin hancinta yake baƙi. Abin da take gasawa bai taka kara ya karya ba, wani lokaci ma da yunwa take kwana, dabbobi suna yi mata dariya. Toro ya aika a tambaye ta ko ba ta yarda da shi ba ne. Ta ce a gaya masa, “Na yarda da kai, ranka ya daɗe. Cikina ne ƙarami, yunwata ba ta haɗuwa da taka.”

Sai aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wutar Toro a fili take, don babu ɗakin da zai ɗauke ta, ruwa ya kashe ta murus. Gari ya waye babu hayaƙi ko'ina a dajin, sai wani ɗan siriri da ke fitowa daga ramin Bushiya. Toro ya taka ya je. Da ƙafa ɗaya zai iya rushe ramin, amma in ya rushe shi ya kashe garwashin da ya zo nema. Dole ya tsaya a bakin ƙofa, ya durƙusa da ƙyar, ya kai bakinsa ƙasa, ya yi sallama.

Nan ne wurin da muke jira. Iya takan kumbura murya ta ce, “Salamu alaikum,” har cikinmu ya ɗauka. Daga nan sai ta ɓare gyaɗa ta jefa a baki, ta shiga tauna da 'yan haƙoran da suka rage mata, a hankali, tana kallon wuta kamar ta manta da mu. Mu yi ta tsuma muna jijjiga ta. “Iya, ta amsa mana! Iya, zai yi fushi!”

“Ku ƙyale ta. A gidanta take, kuma tauna take yi.”

Sai ta haɗiye, ta share baki, sannan ta ƙanƙance murya ta amsa sallamar. Bushiya ta ba Toro garwashi ɗaya a tsingaro. Sauran dabbobi ma ta ba kowa ɗaya, ta ce kowa ya je ya nemo duwatsunsa inda ya yar da su.

Sani bai taɓa gamsuwa da wannan ƙarshe ba. Shi a ganinsa, tunda Bushiya ce kaɗai mai wuta, sai ta zama sarauniyar daji kowa ya dawo ƙarƙashinta. Iya ta harare shi. “Ta yi me da su? Ita ba mulkin kowa take nema ba, so take kada a yi mata nata. Toro yana da ƙarfi ko'ina, amma a ƙofar Bushiya ba shi da iko. Ka riƙe wannan, mai kan kwakwa.” Sannan ta tura sauran garwashi wuri ɗaya ta ce, “Baƙuwa ta tafi, ta shige toka. Wanda ya tashi da wuri gobe ya tone ta.”

Ban san tatsuniyar tana da alaƙa da gidanmu ba sai da na ƙara wayo. Babban ɗan Iya, yayan babana, shi muke kira Baffa Alhaji. Ɗan kasuwar atamfa ne, Allah ya buɗa masa, ya gina katafaren gida a wata sabuwar unguwa can bayan ganuwa. Da yake shi ne ɗan fari, Iya ba ta faɗin sunansa, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba, sai dai ta ce “mutumin nan”. Kowace Juma'a yakan zo gaisuwa, kuma kowace Juma'a maganarsa ɗaya ce, ta koma gidansa ta huta. Ya ware mata ɗaki, ga mai yi mata aiki, ga asibiti kusa. Ita kuma sai ta dubi babana ta ce, “Ku gaya masa na gode, Allah ya yi albarka.” Shi ke nan an rufe maganar sai wata Juma'ar. Ba zan ɗora wa Baffa laifi ba. Na taɓa ganinsa tsaye a tsakar gida yana kallonta tana hura wuta tana tari, idonsa ya ciko da ƙwalla.

Ina makarantar sakandare aka yi daminar da ta raba gardamar. Ruwa ya kwana yana zuba, bangon bayan ɗakin Iya ya jiƙa ya zauna, azara ta sunkuyo. Allah ya kiyaye aka fito da ita lafiya. Da safe na ga murhunta a cikin ruwa, toka ta zama taɓo. A tatsuniya wutar Toro ruwa ya kashe, a gidanmu kuwa ta Bushiya ya kashe. Wannan karon da Baffa ya zo da mota, Iya ba ta ce a gaya masa komai ba. Ta ɗaure 'yan kayanta, ta sa ni na ɗauraye duwatsun nan uku na zuba a buhu, aka sa a bayan mota. Ina tsaye a bakin lungu har suka ɓace, na koma ciki na yi kuka mai isata.

Da aka yi hutu aka bar ni na je na zauna da ita. Gaskiya Baffa ya cika alkawari. Ɗaki ne mai tayil da esi mai sanyaya ɗaki, ga gado mai laushi, ga talabijin. Abinci yana zuwa a kula a kan lokaci, dafaffe yadda likita ya ce, ba gishiri sosai, ba mai. Likitan ya kuma ce kada ta ƙara kusantar hayaƙi. Hajiya matar Baffa mutuniyar kirki ce, ita da kanta take kawo kular. Duwatsun kuwa suna sito a cikin buhunsu, don duk gidan siminti ne da farin fenti, babu inda za a ajiye su.

Abu biyu na lura da su, kuma duka sun dame ni. Na farko, kowa yana shiga ɗakin Iya da sallama, amma ba mai tsayawa a amsa. Sallamar da turo ƙofar tare suke zuwa, don an ɗauke ta marar lafiya da ake dubawa. Na biyu, duk abin da aka kawo mata, ko ta ci ko ta ɗan taɓa ta rufe, sai ta ce, “Ya yi daɗi, Allah ya yi albarka.” Iyar da ta san kunun da aka dama da sanyin hannu tun daga ƙanshinsa, ta kuma faɗa ba ta jin kunyar kowa. Da na ji ta faɗi haka a kan wani fate da ko ni na kasa haɗiyewa, sai na tuna dabbobin nan, na ji kamar in fita da gudu.

Bayan magariba na ce mata, “Iya, ba baƙuwa a zaure yau?”

“Takwara, in ta shigo ina za ta zauna? Ba toka.”

Haka muka yi kwanaki, tana kallon talabijin da ba ta fahimta, ni ina kallonta. Ran nan Gwaggo Ladi ta aiko mata da gaisuwa daga Koki, haɗe da ɗan ƙullin sabon dankali. Iya ba ta bari an kai kicin ba, ta tura shi ƙarƙashin gado. Da la'asar ta yi sanyi, Hajiya ta tafi unguwa, sai ta yafito ni ta rage murya.

“Har yanzu kin iya ɗiban wuta, ko boko ya cinye?”

Daɗi ya kama ni. A bayan tankin ruwa, kusa da katanga, akwai wani ɗan wuri da magina suka bari ba siminti. Can na jawo buhun duwatsu, na tsinto 'yan guntayen katako. Tsingaro ne babu a gidan, sai na samu gutsuren tayil da ya rage daga gini. Na fita bakin titi wurin wata mata mai gasa masara, na yi sallama na tsaya. Da na ce wuta na zo ɗiba, sai da ta dube ni sama da ƙasa, don a unguwar ba a taɓa roƙonta wuta ba. Ta ɗora mini garwashi ɗaya tana dariya.

Iya da kanta ta jera duwatsun, kowanne ta juya shi har ya zauna yadda ta san shi. Ta durƙusa ta hura, ta yi tari, ta sake hurawa. Da wutar ta kama, sai na ga kakata ta dawo. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta fara yi mini faɗa, wai na zaɓi dankali kamar wadda ba ta da ido, wai na matsa na tare mata iska. Ban taɓa jin daɗin faɗa kamar na ranar ba.

Dankalin ya nuna ke nan, ta ɓare nata ta kai baki, sai muka ji ƙarar buɗe get. Baffa ya dawo daga kasuwa. Ya ji warin hayaƙi, ya ɗauka wayar janareta ce ta kama, ya zagayo da sauri yana tattare babbar riga yana kiran mai gadi. Yana shawo kwanar tankin ya yi turus. Na ga bakinsa ya buɗe, na san maganar likita ce za ta fito, na sunkuyar da kai ina jiran a ce a kawo ruwa a kashe. Da na ɗago sai na ga ba mu yake kallo ba, duwatsun yake kallo. A kansu aka dama kunun da aka yaye shi da shi.

Sai ya ja da baya kaɗan. Ya cire takalmansa, ya tsuguna a kan simintin gidansa, gidan da shi ya gina tun daga tushe, ya ce, “Salamu alaikum.”

Iya tana tauna. Ba ta ɗago ba, ba ta yi sauri ba. Ta ci gaba da taunarta tana kallon wuta. Baffa yana tsugune, babban mutum mai furfura a gemu, yana jira. Ni kuwa sai da na cije leɓe don kada in ce, “Iya, ki amsa mana.” Sai da ta haɗiye, ta share bakinta da gefen zane.

“Wa alaikumus salam. Wane ne?”

“Ni ne, Iya.”

Ta tono wani dankali ta raba biyu, ta miƙo mini rabi ba tare da ta dube shi ba. “Takwara, ce wa baƙon nan ya matso. Gefe ɗaya ya ƙone, in zai iya ci.”

Ya matso ya zauna a ƙasa da rigarsa mai tsada, ya ci har da ƙonannen. Hawaye suna bin fuskarsa, ya ce mini hayaƙi ne, ni ma na ce hayaƙi ne. A ranar baƙuwa ta shigo zaure, kuma Baffa ne ya fara cewa a ce ta shigo.

Daga baya ya sa aka kafa mata 'yar rumfa a bayan tankin. Likita ya yi ta mita, aka daidaita a kan ta riƙa hura wutar jefi-jefi, da gawayi maimakon itace. Kuma tun daga ranar, duk mai zuwa wurin Iya a gidan nan sai ya tsaya an amsa masa, don sun ga mai gidan ma yana tsayawa. Ba ta daɗe ba bayan haka. Kafin sabon dankali ya sake shigowa gari Allah ya karɓi abarsa.

Yanzu da nake wuni cikin maganganun shugabanni, nakan ji ana cewa ƙasashe duk daidai suke, babba da ƙarama. Na san a wajen ƙarfi ba haka ba ne, Toro Toro ne har gobe. Kuma ba zan ce mai riƙe da wutarsa kullum shi ke da riba ba. Bushiya ta sha kwana da yunwa, tarin Iya ma na gaske ne, Baffa bai yi ƙarya ba da ya ce hayaƙi yana cutar da ita. Sau da yawa nakan gama fassara labari ban san wa zan ba gaskiya ba. Abin da dai nake dubawa, idan an ce wata babbar ƙasa ta kawo wa ƙarama taimako, shi ne garwashi ta ba ta ko cewa ta yi ta kashe nata. In kuma an ce sun zauna sun tattauna, nakan so in san ko babbar ta yi sallama, kuma ko an bar ƙaramar ta gama tauna kafin ta amsa. Ba a rubuta wannan a cikin labari, sai dai in yi ta lalubensa a tsakanin layuka.

Ɗakin Iya na Koki an sake shi da bulo, wani ɗan ƙanen babana ne a ciki da iyalinsa. Lungun yana nan yadda yake, amma na tambaya an ce mini yaran yanzu ba su san ɗiban wuta ba, kowa da gas ɗinsa ko risho. Ni ma da gas nake girki, a wani gidan haya mai bene inda ko turaren wuta ka kunna sai maƙwabta sun leƙo. Da aka zo rabon kayan Iya, ban nemi komai ba sai duwatsun nan, Baffa ya kawo mini su da kansa. Suna nan a ƙarƙashin matakala, na jera su yadda take jera su.

Ina kewarta ƙwarai, kuma abin bai ragu da shekaru ba. Wani lokaci in na dawo daga aiki da magariba, kafin in hau sama, nakan tsaya a gabansu in yi sallama a hankali yadda ba mai ji. Na san babu mai amsawa. Amma nakan ɗan jira tukuna, ko tauna take yi.